A Ƙyale Sha-kauci Ya Sha Furensa

 Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku, domin in yi magana a kan wani ɗan tsuntsu wanda kowa a cikinmu ya taɓa gani, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka dube shi. Wannan tsuntsu shi ne sha-kauci. Na san wani zai yi dariya ya ce, duk matsalolin da suka dami ƙasar Ƙaraye da Rogo, ga tsadar taki ga tsadar abinci, yaron nan bai sami abin rubutawa ba sai tsuntsun da bai kai loma guda ba. To, a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, sa'an nan a yanke hukunci.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, a hutun da ya wuce muna zaune a ƙofar gida da yamma, sai wani abokinmu ya nuna mana hoton bidiyo a wayar yayansa. Wani ɗan tsuntsu ne mai walƙiya ya tsaya cak a cikin iska, ba reshe ba komai, ya zura dogon bakinsa cikin fure, ya ja da baya, ya sake matsowa. Muka yi ta mamaki, kowa na cewa a maimaita. Wani ya ce, kai, ƙasashen waje sun more, komai nasu mai kyau ne. Alhali kuwa shi mai wannan magana akwai danƙo a aljihunsa, kuma da safiyar ranar nan ya yi ta jifan sha-kauci a shingen bayan gidansu. Na yi shiru, don ni ma ba ni da bakin magana, kamar yadda za ku ji nan gaba. Amma tun daga ranar na ƙudura sai na bincika labarin tsuntsun cikin waya, na gwada shi da namu na gida.

Shi dai tsuntsun cikin waya, mutanen ƙasashen da yake zaune, masu jin Sifaniyanci, suna ce masa kolibiri, kuma 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci da wannan suna suka san shi. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai a nahiyar Amurka, ta arewa da ta kudu da tsibiran da ke kusa. Irinsa ya haura 350. Mafi ƙanƙanta a cikinsu yana tsibirin Kyuba, nauyinsa kamar giram 2 ne, kuma duk duniya babu tsuntsun da ya kai shi ƙanƙanta. Domin a gane, fallen takarda guda irin wadda ake buga mana tambayoyin jarrabawa a kai ya kai giram 5. Inda suka fi yawa kuwa shi ne duwatsun Andis na Amurka ta Kudu. Ƙasar Ikwado kaɗai tana da kamar iri 130.

A jikin waɗannan duwatsu akwai wani irin daji da ya kamata mu kira shi kurmin gajimare. Wuri ne mai tudu ƙwarai, galibi daga mita 1,000 zuwa 3,000 sama da teku. Iska mai laima takan taso daga ƙasa, in ta hau dutse ta yi sanyi, sai ta zama gajimare ta kwanta a tsakanin itatuwa. Saboda haka ko ba a ruwan sama ganye na ɗiga, gansakuka ta lulluɓe rassa, ƙananan tsirrai sun tsiro a bisa manyan itatuwa. Mu da muka saba da hazon hunturu mai busar da leɓe, sai mu ƙaddara hazo ne irin wannan, amma na ruwa, mai jiƙa riga. A irin wannan wuri sanyi da laima sukan hana ƙudan zuma da sauran ƙwari yawo sosai, don haka furanni da yawa tsuntsaye suka dogara da su.

Daga cikin mazauna wannan kurmi akwai wani wanda ake kira mai bakin takobi. Ana samunsa tun daga Benizuwela, ta Kolombiya da Ikwado da Peru, har Bolibiya. Tsawon bakinsa ya kai wajen santimita 10, watau ya fi gangar jikinsa tsawo in an cire wutsiya, kuma babu wani tsuntsu a duniya mai irin wannan siffa. Saboda tsawon bakin, in ya sauka a reshe sai ya ɗaga shi sama don kada ya rinjaye shi, in kuma zai gyara gashinsa sai dai ya yi susa da ƙafa. Amfanin wannan baki shi ne, akwai waɗansu furanni masu dogon wuya kamar kakaki, waɗansunsu dangin zaƙami ne, waɗanda zumarsu ke can ƙurya inda gajeren baki ba ya kaiwa. Shi yana samun abinci ba mai tsere da shi, su kuma furannin yana ɗaukar musu gari daga wannan zuwa wancan. In aka sare kurmin tsuntsun ya ɓace, furen ya rasa mai yi masa barbara. In furen ya ɓace, tsuntsun ya rasa akushinsa.

Sauran halayen kolibiri ma abin al'ajabi ne. Ƙananansu sukan kaɗa fiffike sau 50 ko fiye a daƙiƙa guda, har ido ba ya gani sai dai kunne ya ji ƙugi. Suna iya tsayawa wuri guda a iska, suna kuma iya tashi da baya. In suna aiki zuciyarsu takan buga fiye da sau 1,000 a minti. Irin wannan jiki kamar inji ne mai shan mai, ba ya jure yunwa ko ta 'yan sa'o'i. To, yaya sukan yi da dare a kan dutse mai sanyi? Sai su yi wani irin barci mai kama da suma, zafin jikinsu ya sauka daga wajen digiri 40, bugun zuciya ya ragu, har gari ya waye su farfaɗo. A shekarar 2020 masana suka bayyana cewa sun auna wani iri a duwatsun Peru, suka tarar zafin jikinsa ya sauka har kusan digiri 3 da dare, da safe kuma ya tashi garau.

Wannan ke nan game da baƙo. Yanzu sai mu dawo gida, don Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu nan Afirka ba mu da kolibiri ko ɗaya, amma muna da mai irin sana'arsa, shi ne sha-kauci. Dangin sha-kauci sun kusa iri 150, yawancinsu a Afirka, sauran a kudancin Asiya har zuwa arewacin Ostareliya. Wanda ya ga su biyun zai ɗauka wa da ƙane ne, ga ƙanƙanta, ga siririn baki, ga gashi mai sheƙi. Amma masana sun tabbatar ba su haɗa dangi na kusa ba. Abinci iri ɗaya ne ya sa suka yi kama, kamar yadda maƙerin Ƙaraye da maƙerin wata ƙasa mai nisa za ka tarar hannunsu ya yi kanta iri ɗaya, ko da yake ba su san juna ba.

A wannan yanki namu na yammacin Jihar Kano, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, itatuwa kuma suka fi kauri, wanda ya sa ido zai iya rarrabe aƙalla iri uku. Na farko shi ne mafi girma, baƙi-baƙi ne, ƙirjinsa ja wur kamar garwashi, goshinsa da maƙogwaronsa kore mai sheƙi. Na biyu kore ne, yana da ja a tsakiyar ƙirji da rawaya a gefe, da gashin wutsiya biyu dogaye. Na uku shi ne autansu, bakinsa gajere, kansa da bayansa kore, cikinsa rawaya, nauyinsa bai wuce giram 7 ba. Shi wannan da rani yake ado, ya fito da doguwar wutsiya lokacin neman aure, in lokacin ya wuce ya zubar da ita. Duk wannan kwalliya ta maza ce. Matan ba ruwansu da ado, launinsu toka-toka ne ko ruwan ƙasa, shi ya sa yara da yawa suke zaton wani tsuntsu ne dabam.

In kana son ka ga aikinsa, ka fita da sassafe ka tsaya kusa da minjirya ko gurjiya sa'ad da suka yi jan furensu da rani, ko gindin zogale, ko gwanda, ko tumfafiya, ko itacen da kauci ya kama. Za ka fara jin 'yar muryarsa, tsit-tsit-tsit, da sauri. Sa'an nan ka gan shi ya sauka a jikin fure, wani lokaci kansa a ƙasa ƙafafu a sama, ya zura baki. Yakan iya tsayawa a iska na ɗan lokaci, amma ya fi son ya dafa reshe, nan ne ya bambanta da kolibiri. Harshensa dogo ne kamar bututu, ya rabu a ƙarshe, da shi yake zuƙo zumar fure. Yana da wayo kuma, don in fure ya fi ƙarfin bakinsa sai ya huda shi ta gindi ya sha abinsa. Namiji ba ya son kishiya a itacen da ya kama, yakan yini yana korar 'yan'uwansa. Launin nan nasa mai walƙiya kuwa ba rini ba ne, yadda gashin ke mayar da hasken rana ne, shi ya sa in ya juya sai ka ga kore ya koma baƙi.

Sheƙarsa ma abin kallo ce. Macen ce ke saƙa ta da busasshiyar ciyawa da ganye da zaren gizo-gizo, ta shimfiɗa kaɗa ko gashi mai laushi a ciki, ta rataye ta a ƙarshen siririn reshe kamar 'yar jaka, da ƙofa a gefe. Daga nesa sai ka ce tarkace ne iska ta maƙale. Takan yi ƙwai ɗaya ko biyu, ta kwanta a kansu kamar mako biyu. Abin da ya kamata manomi ya riƙe a nan shi ne, zumar fure ba ta isa ta gina jikin 'ya'ya ba. Da ƙananan ƙwari da tsutsotsi da gizo-gizo ake ciyar da su, uwa da uba suna ta kai-da-kawowa tun safe har yamma.

A nan ne zan faɗi laifina. Ina da shekara kamar goma, a ƙauyenmu a ƙasar Rogo, na sami sabon danƙo. Akwai shingen minjirya a bayan ɗakin kakata, wani mai jan ƙirji yakan zo kullum da hantsi. Na yi kwana uku ina fakonsa, ran na huɗu na same shi. Na ruga na ɗauko shi ina murna, amma da na buɗe tafin hannuna sai na ji kamar ban riƙe komai ba, jan nan da koren da suka ja ni duk sun dushe a inuwa. Kaka tana tsinke zogale, ta dube ni ta ce, "Maigidana, yau ka yi mana cefane. Gasa shi za mu yi, ko kuwa miya za a kaɗa?" Na ce, "Kaka, ai ba shi da nama." Ta ce, "To, me ya ci maka?" Na rasa amsa. Ta kama hannuna ta kai ni gindin lemon da ke tsakar gida, ta nuna mini wata 'yar sheƙa tana lilo, da bakuna biyu a buɗe a ƙofarta. Ba ta dake ni ba, ba ta zage ni ba. Amma na yi kwanaki ina kallon uwar nan ita kaɗai tana ɗauko tsutsa, kuma har yau ban sami amsar tambayar Kaka ba.

To, ban da tausayi, wane amfani sha-kauci yake yi mana? Kowa ya san masu dabino sukan hau su ɗauko garin namiji su zuba wa mace, in ba haka ba ba za a sami 'ya'yan kirki ba. Yawancin itatuwa ba mutum ke yi musu wannan aiki ba, iska ce, ko ƙudan zuma, ko jemage, ko tsuntsu. Sa'ad da sha-kauci ya cusa kai cikin fure, gari yakan manne masa a goshi da baki, ya kai wa fure na gaba. Furanni ja masu siffar bututu, irin na minjirya da kabar giwa, su ne suka fi dogara da shi. Ba zan ƙara gishiri in ce shi ke ba mu kalwa da man kaɗe ba, don ɗorawa jemage da zuma ne manyan masu yi mata hidima, kaɗanya kuwa zuma ce. Amma gona kamar gayya ce, kowa da kunyarsa. Shi nasa rabon shi ne jajayen furanni da tsintar ƙwari, bai kuwa taɓa neman lada ba.

Yanzu bari in zo ga masu suka, don suna da hujjojin da bai kamata a raina ba. Hujja ta farko ita ce ta masu lambu da masu ɗorawa. Sukan ce ai sunansa ma ya tona shi, abokin kauci ne, kauci kuwa shi ke tsotse itace har reshe ya bushe. Gaskiya ne yana da hannu, ba zan wanke shi tas ba. Furen kauci kafin ya buɗe kamar tsinken ashana yake, sai sha-kauci ya taɓa shi da baki yake fashewa ya watsa masa gari, ta haka kauci ke samun 'ya'ya. Amma ba shi ke dasa kauci a kan itace ba. Wannan aikin masu cin 'ya'yan ne, babbansu kuwa wani ɗan tsuntsu ne mai ɗigon rawaya a goshi, wanda za ka ji yana ta ƙwan-ƙwan-ƙwan da tsakar rana kamar maƙeri a maƙera. Shi yakan haɗiye ɗan kauci, ya amayo ƙwallon mai yauƙi, ya goge shi a jikin reshe, nan ya tsiro. Kuma ko da an ce yara su ƙare tsuntsayen nan biyu, kaucin da ya riga ya kama ba zai sauka ba. Maganinsa adda ce, a sare reshen daga ƙasan kumburin da kaucin ya kafa, tun yana ƙarami, a ba awaki ganyen su ci da rani. Wanda ya bar kauci a kan lemonsa shekara uku yana jifan tsuntsu, ya bar jaki yana dukan taiki.

Hujja ta biyu ita ce, tsuntsu ai ɓarna yake yi, in kaka ta yi iyaye da kansu suke tura mu gona mu kori tsuntsaye daga dawa da gero. Wannan haka yake, kuma babu mai hana manomi kare abincinsa daga jan-baki. Amma a dubi bakin sha-kauci. Siriri ne kamar allura, ba zai iya fasa ƙwayar gero ba ko da yana so. Hukunta shi da laifin jan-baki zalunci ne. Har su masu cin hatsin ma ana yin hattara da su. A shekarar 1958 hukumar ƙasar Sin ta sa jama'a su ƙare gwara saboda tana cin hatsi. Aka kashe miliyoyi, sai fara da sauran ƙwarin da gwara ke cinyewa suka yi yawa suka faɗa wa gonaki. A 1960 aka janye dokar, amma ɓarnar ta riga ta ƙara wa babbar yunwar da ta auka musu daga 1959 zuwa 1961 tsanani, ko da yake yunwar tana da waɗansu dalilai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, watau talauci. Danƙon yara ba shi ne babban abokin gaban sha-kauci ba, gatari ne. Duk wanda ya bi hanyoyinmu ya ga buhunan gawayi da kuroshin itace a jibge ana jiran mota. Dattawa suna faɗin wuraren da dā ke da duhuwa, yanzu sun zama fili. Uwar da ke neman abin hura wuta ba za a ce mata ta bar 'ya'yanta da yunwa saboda tsuntsu ba, ni ma da itace ake dafa mini tuwo. Amma akwai bambanci tsakanin sassabe reshe da kayar da itace daga tushe, akwai kuma bambanci tsakanin wanda ya sare ya dasa da wanda ya sare ya wuce. Itacen da tsuntsu ke sha a kansa shi ne ke ba mu inuwa, ya tare iska, ya riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta zuwa rafi. Haka kuma tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992 noman rani ya samu gindin zama a ƙasar Ƙaraye, wannan kuwa alheri ne. Sai dai feshin maganin ƙwari ya zo tare da shi. In aka yi feshi ba ƙa'ida, har kan shinge da itatuwan da ke fure, to an kashe ƙwarin da ake ciyar da 'yan tsaki da su, an kuma kashe zumar da ke yi wa lambun kansa aiki.

Kada kuma a zaci sai an haye teku ake ganin kurmin gajimare. Muna da irinsa a Nijeriya, a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, inda kurmin Ngel Nyaki yake, da kuma duwatsun Obudu a Jihar Kuros Riba. A can ma dangin sha-kauci ne ke shan furannin dutse, kuma a can ma wutar daji da sara suna cin gefen kurmin. Ƙasarmu tana da tsuntsaye fiye da iri 900. A kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis, ƙarƙashin Jami'ar Jos, inda 'yan Afirka suke yin digiri a kan wannan ilmi. Ashe abin da muke jifa da dutse, waɗansu da shi suke cin abinci, suna kuma taimakon ƙasa. Me zai hana wata rana a ce ɗan Ƙaraye ko 'yar Rogo ne ya rubuta littafin tsuntsayen Jihar Kano da Hausa?

Saboda haka ga roƙona. Ga 'yan'uwana ɗalibai, mu ajiye danƙo, mu kuma hana ƙannenmu, don tun ice yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda hannunsa ke ƙaiƙayi ya kafa gwangwani ya yi ta saiti a kai. In mun ga sheƙa mu bar ta inda take. Kowa ya ware ɗan littafi, ya riƙa rubuta irin sha-kaucin da ya gani, da ranar, da itacen da ya gan shi a kai. In muka yi haka shekara guda, za mu san watan da kowane itace ke fure a garinmu, ilmin da babu shi a littattafan da muke karantawa.

Ga iyayenmu kuwa, muna roƙo da ladabi, in yaro ya shigo da ɗan tsuntsun da ba a ci, kada a yaba masa iya harbi, a yi masa irin tambayar da Kaka ta yi mini. Malamanmu sun sha gaya mana cewa ɗaukar rai don wasa ba halin kirki ba ne. In za a yi shinge a sa minjirya, tun da reshenta kawai ake kafawa ya kama. In za a share gona a bar gurjiya da ɗorawa da kaɗanya a tsaye. In za a yi feshi a bi ƙa'idar da malaman gona suka faɗa, a yi shi da yamma, a kauce wa itacen da ke fure. Ga hukumar makaranta kuma, in lokacin dashen itatuwa ya zo, kada a tsaya ga darbejiya kaɗai. A ba kowane aji minjirya da zogale da gwanda su dasa a bayan ajinsu, su riƙa ba su ruwa, a ga ajin da tsuntsu zai fara ziyarta.

Daga ƙarshe, ba na cewa sha-kauci ya fi kolibiri, ko kuwa ya kai shi iya tashi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da nake cewa shi ne, mutanen Ikwado da Kosta Rika sun tsare kurminsu har baƙi suna biyan kuɗi su je kallon tsuntsayensu, mu kuwa namu yana zuwa har bayan ɗaki kyauta muna tarbarsa da dutse. Shingen minjiryar Kaka yana nan har yanzu, kuma da ranin da ya wuce na ga wani mai jan ƙirji a kansa. Na tsaya na dube shi har ya ƙoshi ya tashi. Ina fata ƙannenmu da 'ya'yanmu su ma za su gan shi da idonsu, ba a cikin waya ba. Allah ya sa mu gane, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.

Daga wani ɗalibin ajin ƙarshe.